Taguwa Mai Shaida Biyu

Ƴaƴana, wannan shi ne babin da na fi jinkirtawa, kuma da babanku yana raye da bai bar ni na rubuta shi ba. Ranar sadakar arba'in ɗinsa ina zaune bayan zana, na ji wani saurayi yana tambayar abokinsa dalilin da ya sa ake ce wa marigayin Mai-Lalas. Abokin ya rage murya ya ce wai a zamanin tawaye ya taɓa cinye raƙumar wani Buzu. Ke Mariyama kina kusa da ni. Na ga yadda kika sunkuyar da kai kina murza bakin zanenki, ba ki tambaye ni komai ba. Shirun nan naki ne ya sa na aika aka sayo mini wannan kaye, wato littafin rubutu, a Belbeji. Gari ya riƙe rabin labarin ya yar da rabi, ni kuwa akwai wani yanki da ko garin bai taɓa sani ba.

An kawo ni gidan nan ina da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya na littattafai. Na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, yayana kuma direban babbar motar kaya ne, duk zuwansa Kano sai ya zo mini da ƙananan littattafan soyayya masu bango mai launi. Na karanta su har na haddace, na shigo ɗakin aure ina jiran mijin da zai kira ni hasken idonsa, ya rubuto mini wasiƙa ko da muna gida ɗaya. Sai Allah ya ba ni babanku. Shi ne auta a gidansu, kowa Auta yake ce masa, mutum ne dogo mai shiru, magana mafi daɗi da na ji daga bakinsa a shekarar farko ita ce, “Kin ci abinci?” Na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba. Ina ganin an ba ni labarin da marubucin ya manta bai sa jarumi a ciki ba.

Gidanmu yana da baƙi na gado. Kowace shekara idan an gama girbi an kai dammuna rumbu, Agali da iyalinsa sukan gangaro daga arewa su kafa bukkarsu ta tabarmi a gonar kakanku. Dabbobinsu su ci kara su bar mana taki, mu ba su gero, su ba mu cuku da gishiri da nonon raƙumi. Uban Agali a gonar nan ya sauka, kakansa ma haka. Buzun da ya saba sauka a gonar wani ba ya canja ta, sai in an yi abin da ba ya gyaruwa. Matarsa Fatimatu ta zama ƙawata tun ranar farko. Da hantsi nakan ɗauki littafi na je bukkarta, tana saƙar tabarma ina karanta mata. In na kai wurin da saurayi ya suma saboda budurwa ta ƙi kallonsa, sai ta ajiye kaba ta riƙe ciki don dariya.

“Rakiya, mazan Kano ba su da aiki ne? Wa ke shayar musu da dabbobi?”

“Ke ba ki san so ba ne,” in ce mata.

“Na san shi. Shi ne wanda ya bar miki ruwan ƙarshe a salka ya ce shi ba ya jin ƙishi.”

A shekara ta biyu da aurena aka fara jin labarin tawaye. Da farko a rediyo yake, sai ya sauko kan hanya. Motocin Agadas suka daina tafiya ɗaya ɗaya, sai an tara su a Tanut a raka su da bindiga. Ayarin gishiri ya daina zuwa, miya ta yi lami, Inna, wato kakarku, ta koma fasa kantu ɗaya kamar mai rabon magani. Mutane suka fara tsoron rawani. Kakanku, wanda tun yana saurayi ba a taɓa ganin kansa a waje ba, ya kwance nasa ya sa hula don zai je kasuwa, ya dawo yana cewa ji yake kamar ya fita ba wando. Muka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. A rijiya mata suka rage hira. Idan aka ji ƙarar mota daga nesa, kowace sai ta nemi ɗanta da ido.

A shekarar nan Agali bai jira rani ya yi nisa ba. Wata safiya ya zo ƙofar gida da taguwarsa fara, mai dogon gashin ido, wadda ni na laƙaba wa suna Gimbiya. Tana da ciki, ga ƙafa ɗaya da ƙaya ta huda, ba za ta iya doguwar tafiyar da za su yi ba. Ya ce zai kai iyalinsa can nesa inda ba a tare mutum a tambaye shi ɗan wane ne. A gaban Baba, wato kakanku, ya miƙa wa babanku akalarta.

“Auta, ƙanena, amana. Nononta naku ne. In na dawo na dawo, in ban dawo ba ƴaƴana sun san gonar nan.”

Babanku ya karɓa da hannu biyu, ya ce, “Allah ya dawo da ku.” Fatimatu ta rungume ni ta ce in ajiye mata littafin da ba mu ƙarasa ba, tana so ta ji ko saurayin nan ya farfaɗo.

Ku da kuka tashi a lakwal, makarantar boko, bari in bayyana muku abin da ake nufi da lalas. Kowane gida mai raƙuma yana da shaidarsa, ƙarfe ne da ake sa wa a wuta a ɗora a cinyar dabba. Ta gidan Agali layi uku ne kamar ƙafar zabo. Tamu, tun zamanin da kakan babanku yake fatauci, zobe ce mai layuka a ciki kamar tauraro. Raƙumi zai ɓata ya yi tafiyar wata guda, wanda ya tsince shi ya duba cinya ya aika wa mai shi. Saboda haka a ƙasarmu ta Damargu babu aikin da ya kai ɗora shaida kan shaida muni. Ɓarawo kaɗai ke yin sa. In har dole ta sa, sai an kira maigari da liman sun tsaya sun gani da idonsu.

Bayan wata uku Gimbiya ta warke, sai labari ya zo cewa masu bindiga suna bin rijiyoyi suna duba cinyar raƙuma. Har yau ban san ko su wane ne ba. Wasu suka ce masu kaki ne, suna kwashe duk raƙumi mai shaidar arewa wai shi ke kai wa ƴan daji ruwa. Wasu suka ce ƴan dajin ne, suna cewa dabbar ƴan uwansu ce suna da hakki a kanta. Ko wanne ne, mai shaidar Buzaye ba ya kwana. An kwashi biyar a wata rijiya kusa da Tarka. Na kwana biyu ina kallon cinyar Gimbiya, sai na lura cewa in aka ɗora zobenmu kan ƙafar zabon nan, layukan za su shige cikin tauraron, baƙo ba zai gane ba. Na ji kamar ni ce yarinyar littafi mai dabarar da ke ceton kowa a babi na ƙarshe. Na tari babanku yana dawowa daga masallaci na faɗa masa.

“Sai an kira maigari da liman,” ya ce.

“Malam, in liman ya ji matarsa ta ji, in ta ji rijiya ta ji. Kafin la'asar maganar ta kai kunnen waɗanda muke ɓoye wa.”

“Rakiya, kin san sunan wanda ke yin wannan aiki shi kaɗai?”

“Na san sunan wanda aka ba amana ya tsaya yana kallo aka tafi da ita,” na ce. Da na ga bai motsa ba, sai na faɗi maganar da har yau take ƙona ni. “Ni na ɗauka jarumi na aura.”

Washegari da hantsi, mutanen gida sun tafi bikin suna a maƙwabta, babanku ya gurfanar da Gimbiya bayan rumbuna ya ɗaure mata ƙafafu. Ni na hura wutar. Ni na juya ƙarfen har ya yi ja. Da ya ɗora shi taguwar ta yi wani kuka, warin gashi ya tashi. Ya shafa mata toka da man shanu, ya wanke hannu, ya ɗauki fartanya ya fita.

Dabarar ta ci. Bayan kwana ashirin, ciwon ya bushe, mota biyu suka tsaya a rijiyarmu ana tsakar shayarwa. Wani mai baƙin tabarau ya zagaya Gimbiya, ya duba cinya, ya tambaya ko ta wane ce, babanku ya ce ta gidanmu ce, ya wuce. Suka tafi da raƙuma biyu da wasu Buzaye suka bar wa Tanko, maƙwabcin gonarmu. Ina riƙe da guga ina jin kamar in yi guɗa. Ƙurar motocin ba ta kwanta ba Tanko ya matso, ya durƙusa ya sa yatsa a cinyar taguwar. Duk wanda ya san raƙumi zai ga tsohon tabo fari a ƙarƙashin sabo baƙi. Ya miƙe ya ɗaga murya yadda har masu jan igiya suka tsaya.

“Jama'a, ku zo ku ga aikin Auta! Ni an ƙwace tawa amanar da bindiga, kowa shaida ne. Shi kuwa ya ci tasa da ƙarfe. Sannu, Mai-Lalas!”

Da yamma Baba ya kira babanku tsakar gida, mu mata muna jin su daga madafa. Ya tambaye shi wa ya tsaya a wurin. Babanku ya ce babu kowa. Ya tambaye shi wa ya ba shi shawarar. Na miƙe zan fita, Inna ta dube ni, na koma na zauna.

“Ni kaɗai na yi, Baba. Don kar a tafi da ita.”

“Haka kowane ɓarawo yake cewa, Auta. Ko na yarda da kai, ba ni zan wanke ka ba. Sai mai ita. Kafin ya zo, kada ka sa hannu a akushina.”

Da ya shigo ɗaki na faɗi a gabansa ina kuka, na ce zan je in gaya wa Baba gaskiya. Ya ɗago ni ya ce namiji yana iya ɗaukar mugun suna ya ci gaba da noma, amma in aka ce amaryar gidan nan ce ta sa aka ci amanar kakanni, Inna ba za ta bari in sake kwana a gidan ba. Ya ce in rufe bakina, kuma umarni ne. Shi ke nan abin da ya faɗa, ya juya ya tambaye ni ko an ba Gimbiya ruwa.

Shekara huɗu muka yi a haka. Da, in zai je kasuwar Belbeji, rabin gari ke ba shi saƙo, wannan akuya, wancan buhun wake. Aka daina. In ana gayya ba a kiransa. Yana cin tuwonsa shi kaɗai a ƙofar ɗakina, ina zaune gefe ina kallon bayansa. Na daina buɗe akwatin littattafai, don duk jarumin da na karanta sai na ga bai kai mutumin nan mai cin tuwo shiru ba. A cikin waɗannan shekaru na haifi babbanku, Gimbiya kuma ta haihu sau biyu, mace da namiji. Da ta farko ta isa lalas, babanku ya je wurin maƙeri ya zana masa ƙafar zabo a ƙasa, aka ƙera masa ƙarfen. Wannan karon ya kira maigari da liman, ya ɗora wa ƴar taguwar shaidar Agali a gabansu. Haka ya yi wa na biyun. Masu bindiga ba sa ɗaukar ƙananan da ba su isa kaya ba. Baba ya ƙi zuwa. Tanko ya ce tsoro ne ya kama shi, ya riƙe uwa yana rufe bakin mutane da ƴaƴa.

Sannu a hankali abin ya lafa. Rediyo ya fara maganar sulhu, motoci suka koma tafiya ba rakiya, wata rana aka ga ayarin gishiri ya ɓullo ta arewa, yara da manya muka fita kallo kamar ba mu taɓa ganin raƙumi ba. Baba ya mayar da rawaninsa. Bayan girbin shekarar nan Buzaye suka fara saukowa gida gida. Wata safiya Inna ta dawo daga ɗebo itace ta ajiye kayan da ƙarfi.

“Agali ya zo. Ya kafa bukka a gonar Tanko.”

Tun a Tanut aka tare shi da labarin. Bai zo ya gai da Baba ba, bai aiko a ba shi taguwarsa ba. A wurinsu wanda ya ci amana ba a yi masa magana, ko ta neman hakki. Baba ya shiga ɗaki ya ƙi cin abinci. Babanku ya ce zai jira a kira shi, don in ya je da kansa za a ce ya je roƙo. Kwana uku hayaƙin bukkar yana tashi a gonar da ba tamu ba. A rana ta huɗu, da ya tafi masallaci sallar azahar, na goya babbanku, na kwance Gimbiya da ƴaƴanta biyu, na bi ta tsakiyar gari da su rana tsaka, mutane suna leƙowa. Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da na karya umarnin babanku.

Fatimatu ce ta fara ganina. Ta rame, gashinta ya fara fari, ta tsaya ba ta san ko ta rungume ni ba. Agali yana zaune yana dafa shayi, amawali ya rufe masa fuska sai ido. Na durƙusa nesa kaɗan na faɗi komai, da rijiyar Tarka, da maganar jarumi, da wutar da na hura. Bai dube ni ba. Ya tashi ya zagaya Gimbiya, ya ɗora tafin hannu kan zoben ya daɗe. Sannan ya je wurin ƴar taguwar ya duba cinyarta, ya duba ta ƙanenta. Ya bi layukan uku da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

“Wa ya ƙera masa ƙarfena?”

“Shi ya zana wa maƙeri. Liman da maigari sun tsaya.”

“Layin tsakiya ya yi tsawo,” ya ce. Ya gyara amawali. “Na bar raƙuma tara a hannun mutane kafin in tafi, amarya. Kowa ya ba ni labarin yadda aka ƙwace, kuma gaskiya suka faɗa. Mutum ɗaya ne aka ce mini ɓarawo ne. Na bar masa ɗaya, ga uku.”

Fatimatu ta fashe da kuka da dariya tare, ta ja ni jikinta. “Ke da littattafanki! Sai da kika samo mana wanda ya fi mai suman nan.”

Kafin la'asar aka kwance bukkar. Agali ya ja raƙuman da kansa har ƙofar gidanmu, rabin gari na biye. Ya gai da Baba, ya faɗa a gaban kowa cewa Auta ya tsare masa amana da abin da ya fi raƙumi tsada. Bai ambaci sunana ba, kuma har ya rasu bai ambata ba. Tanko ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa, Agali ya ce gaskiya ne, gobe ma ya riƙa duba cinyar ƴaƴa kafin ya yi shela. Baba bai yi dogon jawabi ba. Da aka kawo tuwo ya tura akushin tsakiya ya ce, “Auta, wanke hannu.” Ina leƙe ta zana na ga babanku ya sa hannu a akushin ya kai loma baki.

Da ya shigo na jira faɗa. Ya zauna bakin gado yana kallona, ya ce an gaya masa wata mata ta ratsa gari da raƙuma uku. Na ce haka na ji ni ma. Ya yi murmushi, abin da na shekara huɗu ban gani ba.

“Kin ci abinci?” ya ce.

Ranar na gane abin da yake faɗa mini tun shekarar farko.

Agali ya ɗauki ƴaƴan biyu, Gimbiya kuwa ya ce tunda tana ɗauke da shaidar gida biyu, ta yi damina a wurinsa ta yi rani a wurinmu. Ya kuma sa duk abin da ya fito daga tsatsonta a yi masa ƙafar zabo a cikin zobe, da gangan, da shaidu. Ƴaƴansa har yau haka suke yi, kun gan su a gonarmu bayan kowane girbi, kun sha nonon jikokinta ba ku san tarihinsu ba. Sunan Mai-Lalas bai bar babanku ba, shi ma bai nemi ya bar shi ba, in an kira shi da shi amsawa yake yi. Yanzu kun san wanda ya hura wutar, in akwai abin kunya a labarin nan nawa ne. Mariyama, duk ranar da kika sake jin sunan, ki ɗaga kanki. In kuma kun je kasuwar Belbeji kuka ga raƙumi mai ƙafar zabo a cikin zobe, ku tsaya ku shafa wuyansa, ku tambayi mai shi ina za su sauka bana. Zai ce muku gonar Auta.